Gurasar dankali a kasko: a cusa dankalin a ciki ne, ko a kwaɓa shi da garin?

Maman_Hanif:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da tambaya ga waɗanda suka san girkin Indiya da Pakistan. Akwai gurasar nan tasu da ake sa dakakken dankalin Turawa a gasa a kasko, alu parata. Maigidan ya saba cinta lokacin da yake aiki a Jidda, yanzu kuma yana so a riƙa yi da safe. Abu biyu ne suka hana ni sakat. In na cusa dankalin a cikin kwaɓin na zo murzawa, sai ta fashe ya tsattsafo ta gefe. In kuma na haɗa dankalin da fulawar wuri ɗaya, sai kwaɓin ya riƙa sakin ruwa, ina ƙara gari yana ƙara caɓewa, a ƙarshe ta fito da tauri. Wanne ne daidai a cikin biyun? Kuma daga ina ruwan nan yake zuwa alhali ban zuba ko ɗigo ba?

Anti_Bilki_Kd:
Wa alaikumus salam. Kafin a je ko'ina, yaya kike dafa dankalin? Feraye shi kike yi ki yanka ki zuba a ruwa?

Maman_Hanif:
Eh Anti, ina ferayewa in yayyanka ƙanana don ya yi saurin nuna.

Anti_Bilki_Kd:
To ta nan ruwan yake shiga, ƙanwata. Dankali da kansa kusan kashi 80 cikin 100 ruwa ne, in kika cire masa ɓawo kika daddatsa shi sai ya ƙara sha. Ki wanke shi da kyau ki dafa da ɓawonsa, ɗungurungum. In wuƙa ta shige tsakiyarsa ba gardama, ki tsiyaye ruwan, ki mayar da tukunyar kan wuta kaɗan-kaɗan na minti biyu ko uku ya fitar da tururi. Ki ɓare da ɗuminsa, ki murmushe, ki baza a faranti ya huce sarai. Kada ki rufe shi, don tururin nan in ya taru a murfi komawa yake yi ciki. Ni ma fi so in turara shi a madambaci, ruwa bai taɓa shi ba sam.

Sadiq_Jalandhar:
Salam. Ni ɗalibi ne a jihar Punjab, inda wannan abincin yake gida, kuma kusan kullum shi ne karin kumallona. Amsar tambayar farko: alu parata cusawa ake yi. Kwaɓi daban, haɗin dankali daban. Kwaɓin garin alkama ne wanda aka niƙa da dusarsa, gishiri kaɗan, ruwa, da ɗan mai. Babu yis. Matar mai gidan da muke haya tana yi a gabana, kuma abin da na fi lura da shi shi ne kwaɓinta da laushi yake sosai, ta rufe shi da tsumma mai lema ta bar shi kamar minti 30 kafin ta taɓa. Curin kwaɓin da curin dankalin kusan girmansu ɗaya. Tana faɗaɗa kwaɓin a tafin hannu ya yi zurfi, ta sa dankalin, ta tattaro bakin ta matse, ta cire ɗan tsinin da ya rage a sama. Sai ta barbaɗa gari ta danna da yatsu tukuna, a hankali, daga tsakiya zuwa gefe, har ya baje. Abin murzawa a ƙarshe yake zuwa, kuma ba ta sa masa ƙarfi.

Ummu_Nana:
Sadiq, girma ɗaya fa ka ce? Ai ni ina ganin yawan dankalin ne yake fasa ta. Ni rabin kwaɓin nake sawa.

Sadiq_Jalandhar:
Anti, wallahi girma ɗaya, wasu ma dankalin ya fi yawa. Abin da ke fasa ta shi ne in laushinsu ya bambanta. Kwaɓi mai tauri da dankali mai ruwa, dole dankalin ya gudu ya nemi hanyar fita. Ko kuma in an bar gudaji a ciki, gudan ne yake huda kwaɓin. Shi ya sa da yawansu gurza shi suke yi a greta bayan ya huce.

Hauwa_Zariya:
Ni dai a bilenda nake sa nawa ya yi sumul, ba gudaji ko ɗaya.

Malam_Tukur_Kimiyya:
Malama Hauwa, a yi haƙuri, bilenda ba ta dace da wannan aikin ba. A cikin dankali akwai ƙananan ƙwayoyi masu riƙe da sitaci. Dahuwa tana kumbura su ta raba su da juna, amma ba ta fasa yawancinsu. In wuƙar inji ta yi ta sararsu sai su fashe, sitacin ya fito ya haɗu da ruwan, abu ya koma danƙo kamar sakwara. Irin wannan ba ya murzuwa, mannewa yake yi a ko'ina. Turmi ma in aka kirɓa shi da yawa haka yake yi. Cokali mai yatsu ko greta ko a danna shi ta rariyar ƙarfe, ya wadatar.

Game da tambayar Maman Hanif ta biyu kuwa, gishiri yana janyo ruwa daga cikin dankali da albasa. In kika haɗa kika ajiye, bayan ɗan lokaci za ki ga ya saki. Don haka gishiri shi ne na ƙarshe, dab da za a fara.

Hauwa_Zariya:
Malam, ni kuwa tawa tana yi. Sai dai gaskiya ba cusawa nake yi ba, da fulawa nake haɗawa, kuma tana cin gari da yawa.

Malam_Tukur_Kimiyya:
Cin garin nan shi ne alamar. Gwada greta sau ɗaya ki ga ko garin da za ki sa ba zai ragu ba.

Hajiya_Rabi_Oslo:
Sannunku da hira. Ina so in ce wa Maman Hanif hanyarta ta biyu ma hanya ce, kawai ba ta Indiyawa ba ce. A nan Norway akwai wata gurasar dankali da ake ce wa lefse, kuma dankalin da garin tare ake kwaɓa su. Wata tsohuwa maƙwabciyata ce ta koya min. Tana dafa dankalin yau, ta matse shi ta wani ƙarfe mai ƙananan huda, ta sa bota da ɗan madara mai kauri da gishiri, ta bar shi ya kwana cikin sanyi. Sai gobe take zuba fulawa, kuma ba ta zuba wa duka lokaci ɗaya. Ɗiban kaɗan take yi, ta haɗa, ta murza, ta gasa, sannan ta sake ɗiba. Ta ce min dankali mai ɗumi ba ya ƙoshi da gari, kuma kwaɓin in ya zauna saki yake yi. Murza ta take yi siririya ƙwarai, har sai da wata doguwar sanda mai faɗi ake ɗaga ta a ɗora a kan ƙarfen gashi, kuma ba a sa mai ko kaɗan. In ta sauke sai ta jera su tsakanin tawul biyu, tururinsu ne yake sa su laushi. Su da bota da sukari da kirfa suke ci, a naɗe. Akwai ƙaramarta mai ɗan kauri, lompe, da suke naɗe tsiran nama a ciki. Ni a gidana da miyar ƙwai ko dambun nama muke ci.

Yaya_Abba_Glasgow:
Hajiya ta riga ni. A Sukotland ma haka ne, ana haɗawa ne. Awon da nake bi: dafaffen dankali giram 500, fulawa giram 125, bota cokali biyu, gishiri. Kashi huɗu dankali, kashi ɗaya gari ke nan. A murza da kauri kamar rabin santimita, a yanka gida huɗu, a caccaka da cokali mai yatsu, a gasa. Mutanen Ireland ta Arewa ma suna da irinta. Amma a nan da yawa da ɗumin dankalin suke haɗawa, sun ce ta fi laushi, saɓanin abin da Hajiya ta faɗa.

Hajiya_Rabi_Oslo:
Abba, taku mai kauri ce, ba ta buƙatar juriya. Tamu in ba dankalin ya yi sanyi ba, yagewa za ta yi tun kafin ta kai kasko.

Ɗan_Bokkos:
Ina ta karantawa, ba wanda ya tambayi wane dankali ne. Ni manomi ne kuma ɗan manomi, a Filato aka haife ni. Dankali ba ɗaya ba ne. Akwai mai gari, wanda in ya dahu yake tsagewa ya yi wara-wara, akwai kuma mai santsi wanda yake riƙe jikinsa. Nikola da muke nomawa da yawa a nan Bokkos da Mangu mai santsi ne, cikinsa rawaya, yana da daɗi a fate da miya, amma in an murmushe shi ya fi saurin yin danƙo. Sannan sabon haƙa na damina, wanda ɓawonsa yake saluɓewa in ka murza da yatsa, ruwa ne cike da shi. Hajiya Maman Hanif, in kin je kasuwa ki nemi wanda ya ƙosa, ɓawonsa ya kama, ya ɗan kwana a ajiye. Ki ɗauka a hannu ki ji nauyi da tauri. Wanda ya yi kore ko ya fara tsiro sosai ki bar shi, koren nan alamar guba ce kuma dahuwa ba ta kashe ta. In kaɗan ne a yanke wurin da zurfi, in ya yi yawa a zubar.

Maman_Hanif:
Na gode Malam. Mu a Kano a 'Yankaba muke saye, kuma mai sayarwa ba ya faɗa maka iri, kwando kawai zai nuna maka.

Ɗan_Bokkos:
Ki ce ya yanka miki ɗaya. Ki goga ɓarin biyu da juna, in kika ga farin kumfa-kumfa kuma suna mannewa, yana da gari. Kuma kada ki ajiye ɗanye a firji. Sanyi yana juya sitacinsa ya koma sukari, sai ki ga gurasa ta yi baƙi tun cikinta bai gasu ba. Wuri mai duhu mai iska ya ishe shi, nesa da albasa.

Baba_Jakara:
Ni dai ina da ja. Mu da muka tashi muka ga iyayenmu suna manna gurasa a jikin tanderu, mun san abin da ke ba ta daɗi shi ne tashin kwaɓi da ƙamshin wuta. Wannan taku ba yis, ba tanderu. Me zai hana a sa yis a kwaɓin, a bar shi ya tashi, sannan a cusa dankalin? Ai za ta fi laushi.

Sadiq_Jalandhar:
Baba, akwai irin wadda kake nufi, ana ce mata kulca, ta garin Amritsar ta fi suna. Farar fulawa ce, ana cusa dankali, kuma a tanderu ake manna ta, irin namu na Kano sak, sai dai nasu ya fi zurfi. Har paratar ma akwai masu gasawa a tanderu. A Murthal, kan babbar hanyar da ta tashi daga Delhi zuwa Punjab, gidajen abincin bakin titi da ita suka yi suna, ana kawo ta da farin man shanu ɗanye a sama. A tsohon birnin Delhi kuma akwai lungu guda a Chandni Chowk da ake soya ta tsundum cikin man shanu. Amma ta gida, wadda uwa take yi wa yara kafin makaranta, a faffaɗan kaskon ƙarfe ake yi.

Baba_Jakara:
To ka ga ashe ban yi nisa ba. Allah ya yi albarka, ɗana. In ka dawo ka zo mu gwada a tanderun gida.

Anti_Bilki_Kd:
Baba, na taɓa gwada mai yis a kasko. Tana yi, amma sai an rage wuta an rufe, in ba haka ba waje ya ƙone ciki da saura. Ga mai sauri da safe, marar yis ta fi.

Zee_Maradi:
Ina kwananku. Mu nan dankalin da ke zo mana daga lambunan Agadas ne mafi yawa a lokacin sanyi. Tambayata a kan kayan haɗi ce. Abubuwan da Indiyawa ke sawa ba duka muke samu ba. Da mi za a maye su?

Sadiq_Jalandhar:
Abin da suke sawa: ɗanyen barkono kore, citta ɗanya, ganyen koriyanda, garin barkono, haɗin kayan ƙamshinsu, da garin busasshen ɗanyen mangwaro don ɗan tsami. Wasu suna ƙara busassun 'ya'yan rumman.

Ummu_Nana:
Zee, ba sai kin wahala ba. Attaruhu ɗaya ki yanka mitsi-mitsi, citta ki gurza ki matse ruwan ki zubar da rabi, lawashi maimakon ganyen nasu, masoro da kanumfari ɗan kaɗan a daka. Tsamin kuma lemun tsami, amma ɗigo biyu uku kawai, don shi ma ruwa ne. Ni har yajin ƙuli nake barbaɗawa a cikin haɗin, yana shanye lema kuma yara suna so. Sai a ci da kindirmo mai sanyi, su ma can da nono suke ci.

Hauwa_Zariya:
Albasa fa? Ni ba na iya girki ba albasa.

Anti_Bilki_Kd:
Ɗanyar albasa ita ce babbar mai fasa parata. Tana sakin ruwa, kuma gefenta yana huda kwaɓi. In dole ne, ki soya ta tukuna ta yi laushi ta bushe.

Sadiq_Jalandhar:
Anti, a nan kam da yawa ɗanya suke sawa. Yanka ta suke yi ƙanana sosai, kuma suna haɗawa suna gasawa nan take.

Anti_Bilki_Kd:
Su hannunsu ya faɗa, Sadiq, tun suna yara suke yi. Mai koyo ta fara da soyayyiya.

Nas_Hadiza:
Ku ba ni dama in sa baki ta ɓangaren lafiya, tunda an ce kullum da safe. Dankali da fulawa duka sitaci ne, kuma dakakken dankali yana saurin ɗaga sukarin jini. Mai ciwon sukari ya yi hattara da yawanta. Garin alkama mai dusa ya fi farar fulawa, kuma a haɗa da ƙwai ko wake ko kindirmo marar sukari da ganye, maimakon shayi mai kauri da sukari cokali uku. Man shanun ma shafawa za a yi, ba kwararawa ba. Ban ce a daina ba, abinci ne mai kyau mai riƙe ciki, amma ɗaya ta ishi babba.

Maman_Hanif:
Na gode Nas. Alkama muna da ita, wadda muke niƙawa don alkubus da funkaso. Ita zan yi amfani da ita?

Ummu_Nana:
Ita ce ma daidai. Sai dai niƙan injin unguwa yakan fito da tsaki-tsaki. Ki ce a maimaita niƙan, ki tankaɗe da rariya mai laushi. In har yanzu kina jin kaushi, ki haɗa gwangwani biyu na alkama da ɗaya na fulawa. Kuma alkama ta fi shan ruwa, in kin kwaɓa kin ga kamar ya yi laushi da yawa kada ki yi saurin ƙara gari, ki bar shi ya huta, zai haɗe kansa.

Musa_Mai_Shayi:
Ni sana'ata a kan kasko take, bari in faɗi nawa. Duk abin da kuka faɗa in wuta ba daidai ba, aikin banza ne. Kasko marar kauri na alminiyam tsakiyarsa kawai yake zafi, zai ƙona muku tsakiya ya bar gefe ɗanye. Ku nemi baƙin ƙarfe mai nauyi. A bar shi ya yi zafi tukuna, in ka yayyafa ruwa ka ga ɗigon yana tsalle yana ɓacewa, ya yi. A ɗora ta a busasshen kasko. In samanta ya canza launi ya fara ƙananan kumburi, a juya. Sai a shafa mai a gefen da ya gasu, a sake juyawa, a shafa wa ɗayan, a danna gefe-gefe da bayan cokali don nan ne yake makara. Gaba ɗaya minti uku zuwa huɗu. Wuta kaɗan-kaɗan tana busar da ita ta yi tauri, mutane suna zaton lallaɓawa ce, alhali ɓatawa ce. A gawayi kuma a bari harshen wutar ya kwanta, a baje garwashin.

Hajiya_Rabi_Oslo:
Malam Musa ya yi gaskiya a kan zafi. Tamu ma a ƙarfe mai zafi sosai ake yi, gefe ɗaya bai fi minti guda ba. Kuma a riƙa share garin da ya zube a kaskon da busasshen tsumma, in ya ƙone yana sa ɗaci.

Zee_Maradi:
Dankalin Hausa fa, yana yi?

Ɗan_Bokkos:
Yana yi a ta haɗawa. Fari mai gari ya fi jan nan mai ruwa. Amma yana da zaƙi, don haka yana saurin ƙonewa, a rage wuta kaɗan. A cire jijiyoyin da ke cikinsa kuma.

Fati_Gombe:
Na zo a makare. Maman Hanif, ga wata dabara da ba a ambata ba, don masu fama da fashewa. Ki murza ƙananan faifai biyu na kwaɓi, ki shafa dankalin a kan ɗaya ki bar ɗan fili a gefe, ki rufe da ɗayan, ki matse bakin da yatsa, sannan ki murza kaɗan. Dankalin ya riga ya baje, ba inda zai gudu. Da ita na koya wa 'yata.

Sadiq_Jalandhar:
Ana yin haka a nan ma. Sai dai gefen yakan fito kwaɓi zalla ba dankali, kuma ta fi kauri. Ta curi ɗaya in ta yi kyau har kumbura take yi a kasko, tururin dankalin ya ɗaga ta.

Fati_Gombe:
Tawa ma tana kumbura in bakin ya matsu da kyau. Gefen kuma ai ana iya zagaye shi da wuƙa a rage.

Yaya_Abba_Glasgow:
Ni har yanzu ina ganin mai yara da yawa da ke shirin makaranta, ta haɗawa ta fi mata sauƙi. Ba cusawa, ba fashewa, kuma ana iya gasawa da dare a ɗumama da safe da ɗan mai.

Anti_Bilki_Kd:
Sauƙi kam ta fi, Abba, amma maigidanta ba ita ya ci a Jidda ba. Ta shagunan 'yan Pakistan cusasshiya ce, in ka yaga za ka ga dankalin daban da yajinsa. In aka kawo masa ta haɗawa zai gane tun loma ta farko.

Hauwa_Zariya:
To wadda ta rage a ajiye ta yaya? Tawa in ta kwana tauri take yi.

Ummu_Nana:
Ki bari ta huce cikin tsumma mai tsabta, sannan ki sa a leda ko roba mai murfi a firji, kada ta wuce kwana biyu. In babu wuta a unguwarku kada ma ki bari ta kwana a lokacin zafi, cusasshiya saurin lalacewa take yi saboda lemar dankalin. Gara ki dafa dankalin da dare da ɓawonsa, ki kwaɓa garin da asuba, ki gasa iya wadda za a cinye.

Musa_Mai_Shayi:
Wajen ɗumamawa a yayyafa mata ruwa kaɗan da yatsu, a rufe kaskon rabin minti, a buɗe a juya. Mai a ƙarshe.